Martani Ga Mai Cewa Jiragen Holan Ne Suka Cuce Mu

Kwanakin nan akwai wata doguwar magana da aka naɗa, tana yawo a wayoyin mutanen unguwar New Bell ta Duwala, daga teburin mai shayi zuwa rumfar mahauta, har ƙofar masallaci bayan sallar Isha'i. Mai maganar bai ambaci sunansa ba, mu ma ba mu da buƙatarsa. Abin da ya tsone masa ido shi ne kiran da wasunmu muke yi wa iyaye, cewa yaran unguwar nan masu walda da kanikanci da aikin lantarki a daure a tura su koyon sana'o'in jirgin sama, da kuma misalin da muka buga da ƙasar Holan da yadda ta fara ƙera jirage. A wurinsa wannan kira bautar Turawa ne, jiragen Holan kuwa, musamman masu sunan Fokker, su ne wai silar kora da mutuwa da asarar da aka gani a wannan yanki. Ba dominsa muke wannan rubutu ba, don wanda ya murɗe shekaru da sunaye yadda ya murɗe su ya san abin da yake yi. Domin iyayen da suka saurara ne, waɗanda wasunsu har sun fara ɗari-ɗari. Za mu ajiye kowane zargi kusa da kwanan watansa, jama'a su yanke hukunci.

Ya buɗe da abin da ya san zai sosa ran duk mazaunin Duwala: wai da jiragen yaƙin Fokker Jamusawa suka firgita mutane, suka tashe su daga bakin kogin Wuri suka watso su New Bell. Korar kam an yi ta. Da dokar 1913 Jamusawa suka ƙwace filayen Duwalawa, suka bar fili mai faɗin kilomita guda tsakanin unguwar Turawa da ta baƙaƙe, suka rataye Rudolf Duala Manga Bell da sakatarensa Ngoso Din ranar 8 ga Agusta 1914 saboda sun ƙi sunkuyar da kai. Amma da takarda da 'yan sanda da igiya aka yi wannan aiki. Duwala ta faɗa hannun sojojin Ingila da Faransa ranar 27 ga Satumba 1914. Jirgin yaƙin Fokker na farko, mai harbi ta tsakanin farfela, bai shiga fagen daga ba sai tsakiyar 1915, can a Turai, wata tara bayan Jamusawa sun bar wannan gari. To ta yaya jirgin da ba a ƙera ba ya kori mutane shekara biyu kafin a ƙera shi? Da neman jirgin da ya taɓa buɗe wa mutanen Duwala wuta yake yi da gaske, da ba sai ya je Amsterdam ba. A Satumban 1945, lokacin yajin aikin da ma'aikatan jirgin ƙasa suka faro, daga sama aka yi wa masu zanga-zanga ruwan harsashi, ƙarƙashin mulkin Faransa. Ko kalma ɗaya bai ce a kan wannan ba. Kowa ya tambayi kansa dalili.

Zargi na biyu a kan mutumin ne da kansa. Wai Anthony Fokker ɓarawon fasaha ne, dillalin makamai, kuma ma Bajamushe ne aka sanya wa rigar aro. A nan mai maganar ya tsinci gaskiya guntu-guntu, ya rasa yadda zai haɗa ta. An haifi Fokker ranar 6 ga Afrilu 1890 a Blitar, cikin tsibirin Jawa, inda mahaifinsa ɗan Holan yake da gonar kofi, ya kuma tashi a garin Haarlem. A Jamus ya koyi aiki, a can ya kafa kamfaninsa a 1912, ya sayar wa sojan Jamus dubban jirage, har takardar zama ɗan ƙasar ya karɓa a lokacin yaƙin. Na'urar nan da take hana bindiga mai jigida harbe farfelar jirginta, wani injiniya mai suna Franz Schneider ya riga shi yi mata rajista tun 1913, ya kai ƙara, kotu ta ba shi gaskiya, Fokker ya ƙi biya. Da aka sa hannu kan yarjejeniyar tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba 1918, an ambaci jirginsa D.VII da suna cikin abin da dole Jamus ta miƙa. Shi kuwa sai ya loda jirage kusan 200 da injina kusan 400 a jiragen ƙasa shida, ya yi fasa-ƙwaurinsu zuwa Holan, ya buɗe sabuwar masana'anta a Amsterdam a 1919. Duk wannan a rubuce yake, 'yan Holan ɗin ma ba sa ɓoye shi, mu kuma ba mu taɓa kiran mutumin waliyyi ba. Sai dai in asalin yaƙi yana haramta jirgi, mai maganar ya fara da hana alhazanmu hawa Boeing daga Duwala da Garwa zuwa Jidda, tunda jirgin da ya jefa wa Hiroshima bam ranar 6 ga Agusta 1945, B-29, ƙirar Boeing ne. A lura kuma da wannan: a farkon maganarsa Fokker hatsabibin injiniya ne wanda jiragensa suka gagari duniya, kafin ya kai ƙarshe ya mayar da shi ɗan koyo wanda bai iya ƙera komai ba sai akwatin gawa. Ya zaɓi ɗaya.

Daga nan ya tsallaka Kano, wai jirgin farko da ya sauka a ƙasar Hausa na Holan ne, kuma leƙen asiri ya kawo shi. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Jirage uku ne na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka biyo ta Sudan da Chadi, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925. Jigilar fasinja da wasiƙu tsakanin Khartum da Kano kamfanin Imperial Airways na Ingila ne ya faro ta a 1936. Fokker ɗin da tarihi ya sani a sararin Kano a wancan zamani shi ne mai inji uku wanda Walter Mittelholzer, mutumin Siwizalan, ya tuƙo a tafiyarsa ta tafkin Chadi a ƙarshen 1930 zuwa farkon 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Hotuna ya ɗauka, suna nan ajiye a ɗakin karatu na jami'ar fasaha ta Zurich, a buɗe ga kowa. Wane asiri za a leƙa a garin da Ingila take mulka tun 1903?

Zargin da ya fi daɗewa a kansa, wanda kuma ya fi shiga kunnen mutane, shi ne wai Fokker gwanjo ne, akwala ce da Turawa suka gama cin moriyarta suka zubar mana. Jirgin da iyayenmu suka sani da wannan suna shi ne F27, mai farfela biyu da fukafukai a saman gangar jiki. Ya fara tashi a Nuwamban 1955, da injinan Rolls-Royce na Ingila. Kamfanin Aer Lingus na ƙasar Ailan yana cikin waɗanda suka fara karɓarsa a 1958, Norwe da Ostireliya suka bi, Amurkawa kuwa lasisi suka saya kamfanin Fairchild ya riƙa ƙera shi a ƙasarsu. Jimillar waɗanda aka ƙera ta kusa 800, abin da jiragen fasinja ƙalilan na Turai suka taɓa kaiwa a wancan lokaci. Kamfanin jiragen Najeriya ya karɓi nasa a farkon shekarun 1960, sababbi fil daga masana'anta, daga baya ya ƙara da F28 mai injin jet. Dalilin zaɓen a bayyane yake ga duk wanda ya san filayen jiragenmu na lokacin: fiffiken da yake sama yana nisanta inji da farfela daga tsakuwa da ƙura, jirgin kuma ba ya neman dogon titi. Sa'an nan ga abin da mai maganar ba zai so a ji ba. Gidan sarautar Holan da gwamnatinta F27 suka yi ta hawa, suka koma F28, suka koma Fokker 70. Sarkinsu na yanzu, Willem-Alexander, ya bayyana a 2017 cewa ya shafe shekara 21 yana zama mataimakin matuƙi a jiragen fasinja, akasari Fokker 70 na KLM, kamfanin jiragen Holan, fasinjojin ba su ma san shi ne a gaba ba. KLM ba ta sallami Fokker ɗinta na ƙarshe ba sai Oktoban 2017. Mutanen da suka ƙera akwatin gawa don baƙar fata, su ne kuma za su ɗora sarkinsu a kujerar gaba?

Inda maganar gwanjo take da ƙamshin gaskiya shi ne bayan Maris 1996, lokacin da kamfanin Fokker ya karye bayan Daimler-Benz ta janye kuɗinta, sama da ma'aikata 5,000 suka rasa aiki. Daga nan tsofaffin Fokker 50 da Fokker 100 suka yi araha, suka bazu a Afirka da Asiya. Amma gwanjo ba ya kawo kansa. 'Yan kasuwarmu ne suka je suka taya suka saya, hukumominmu suka buga hatimi. Wanda yake da ƙorafi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma tana kusa.

Sai batun haɗurra, inda ya yi wasa da gawarwakin mutane, abin da ya fi komai muni a maganar tasa. Wai duk jirgin da ya faɗo a Duwala da Kano Fokker ne. Mu da muke kwana muna tashi da rugugin jirage a kan kwanon ɗakunanmu ba a yi mana irin wannan ƙarya. Ranar 4 ga Maris 1962 jirgin Caledonian Airways ya faɗa fadama jim kaɗan bayan tashinsa daga Duwala, mutum 111 suka rasu. Douglas DC-7 ne, ƙirar Amurka. Ranar 3 ga Disamba 1995 jirgin Cameroon Airlines da ya taso daga Kwatano ya faɗi yana ƙoƙarin sauka, mutum 71 suka rasu. Boeing 737 ne. Ranar 5 ga Mayu 2007 jirgin Kenya Airways ya nutse a fadamar Mbanga Pongo da mutum 114. Boeing 737 ne, sabo, bai fi wata bakwai da fita daga masana'anta ba, binciken hukumar Kamaru kuma ya nuna matuƙan ne suka rikice cikin duhu da hadari, na'urar tuƙi ba ta kama ba, jirgin ya yi ta karkata ba su farga ba. A Kano, wanda ya ci alhazai da ma'aikata 176 ranar 22 ga Janairu 1973 Boeing 707 ne. Wanda ya faɗa kan gidajen Gwammaja ranar 4 ga Mayu 2002 BAC 1-11 ne, ƙirar Ingila. Wanda ya kama da wuta a Jidda ranar 11 ga Yuli 1991 da alhazan Sakkwato, mutum 261, DC-8 ne, kuma tayoyin da iskarsu ba ta cika ba ne sila. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. A cikin waɗannan shida babu Fokker ko ɗaya.

Ba mu ce Fokker bai taɓa faɗuwa a ƙasashenmu ba. Ranar 1 ga Maris 1978 wani F28 na Nigeria Airways ya yi karo da jirgin koyon yaƙi samfurin MiG-21 a bakin filin jirgin Kano, mutum 18 suka rasu. Jirage biyu da suka haɗu a hanya ɗaya, tambayar tana kan waɗanda suke raba musu hanya da waɗanda suke tuƙi, masana'antar Amsterdam ba ta ciki. Ranar 28 ga Nuwamba 1983 wani F28 ya daki ƙasa kafin ya kai titin sauka a Inugu cikin hazo, mutum 53 suka rasu. Akwai ma F27 ɗin da aka karkatar zuwa Inugu a 1967, 'yan Biyafara suka mayar da shi jirgin jefa bam, ya tarwatse a sararin Legas a Oktoban shekarar. Waɗannan su ne haɗurran da mai gaskiya zai kawo a tattauna. Mai maganarmu bai san ko ɗaya ba.

Abin dariyar ma, laifin ƙira na gaske da tarihi ya kama Fokker da shi bai zo bakinsa ba, bari mu ara masa. Jiragen Fokker na shekarun 1920 fiffikensu na katako ne da aka haɗa da gam. Su ne suka yi suna a duniya: da irinsu Richard Byrd ya nufi ƙuryar arewacin duniya a 1926, da irinsu Charles Kingsford Smith ya ƙetare tekun Fasifik a 1928. Amma ranar 31 ga Maris 1931 fiffiken wani F-10 ya ɓalle a sararin Kansas ta Amurka, mutum takwas suka mutu, ciki har da shahararren mai horar da 'yan ƙwallo Knute Rockne. Laima ce ta shiga ta cinye gam ɗin. (Wanda ya san damshin Duwala, inda takalmi yake yin funfuna a ƙarƙashin gado cikin mako guda, ya san irin wannan fiffike ba zai ga damina biyu a nan ba.) Hukumomin Amurka suka tsaurara bincike, kasuwar Fokker a can ta mutu, zamanin jiragen ƙarfe ya kama. To me 'yan Holan suka yi? Albert Plesman, shugaban KLM, ya juya wa masana'antar ƙasarsa baya ya sayi Douglas DC-2 na Amurka a 1934, wanda ya zo na biyu a tseren Landan zuwa Melbourne a shekarar. Kishin ƙasa bai sa ya ɗora fasinja a kan gam ba. Wannan hali shi ne abin da muke cewa a koya, shi ne kuma mai maganar yake kira bauta.

Mu zo ga babban zargin, wanda aka daɗe ana taunawa a majalisu tun kafin wannan bawan Allah ya ɗauko shi: wai KLM ce ta kashe Nigeria Airways. An ba KLM kwangilar tafiyar da kamfanin ta shekara biyu, daga 1979 zuwa 1981. Bayan tafiyarsu kamfanin ya ci gaba da bunƙasa, a tsakiyar shekarun 1980 yana da jirage wajen 30, yana zuwa Landan da New York da Jidda. Bai daina tashi ba sai 2003, shekara 22 bayan 'yan Holan sun tattara nasu-i-nasu. Wace irin guba ce take barin mutum ya yi ƙiba, ya hayayyafa, sa'an nan ta kashe shi bayan shekara ashirin da biyu? Gwamnatin Najeriya da kanta ta kafa hukumar bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Obiora Nwazota, ta bi diddigin biliyoyin nairorin da suka salwanta a shekarun 1980 da 1990, sunayen da suka fito a rahoton kuwa na 'yan gida ne. Mai son sanin abin da ya ci kamfanin ya nemi wannan rahoto.

In kuwa hannun Holan ne yake kashe kamfanonin jirage, wa ya kashe namu? Cameroon Airlines ta fara aiki a 1971, bayan Kamaru ta fice daga Air Afrique, kuma abokiyar haɗin gwiwarta Air France ce. Ta yi zamaninta, babban jirginta Mont Cameroun abin alfahari ne ga kowa har ranar da ya zarce titin sauka a Faris a Nuwamban 2000. Ta rufe a 2008 da bashi a wuya, ɗaya daga cikin tsofaffin shugabanninta, Yves Michel Fotso, kotun ƙasar nan ta ɗaure shi kan almundahana. Air Afrique ma ta durƙushe a 2002. Babu ɗan Holan a cikin waɗannan labarai biyu. Laifi tudu ne. Wanda ya ɗauke laifin ɓarayin gida ya ɗora wa baƙon da ya tafi tun 1981, aiki yake yi wa ɓarayin, ko ya sani ko bai sani ba, mu kuwa muna zaton ya sani.

Game da zirga-zirgar KLM a Kano ya yi tufka da warwara a numfashi guda. Zuwanta a 1947 wai kwasar dukiya ne, tafiyarta a 2012 wai ƙiyayyar Musulmi ce. Ta zo laifi, ta tafi laifi. Abin da ya kawo ta sananne ne: jiragen wancan zamani ba sa iya tafiya daga Amsterdam zuwa Johannesburg ba tare da sun sha mai ba, Kano kuma ita ce babbar tasha bayan an ƙetare Sahara. Da manyan jirage masu dogon zango suka fito, kamfanonin Turai suka riƙa wuce Kano ta sama ɗaya bayan ɗaya. KLM ce ta fi kowane kamfanin waje daɗewa, shekara 65, ta tafi a shekarar da Kano ta ga munanan hare-hare ranar 20 ga Janairu. Kamfanin kasuwanci ne, riba ta kawo shi, lissafi ya mayar da shi. Ba mu ce soyayya ba ce, shi ma ba zai iya nuna ƙiyayya ba.

Ya kuma ce duk mai yabon fasahar Holan ya manta da zaluncinta. Ba mu manta ba, mun ma fi shi riƙewa, tunda bai kawo misali ko ɗaya ba. Holan ta riƙe gidan bayi na Elmina a gaɓar Gana daga 1637 zuwa 1872, ta mulki Indunusiya da ƙarfin bindiga, sai a Disamban 2022 firaministanta na lokacin Mark Rutte ya nemi gafara kan cinikin bayi, sarkinta ya bi baya ranar 1 ga Yuli 2023. Tafiyar nan ta 1924 da suke tinƙaho da ita, wadda Fokker F.VII ya bar Amsterdam ranar 1 ga Oktoba, injinsa ya mutu a Bulgeriya ya yi wajen wata guda yana jiran sabo, bai isa Batabiya ta Indunusiya ba sai 24 ga Nuwamba, don ɗaure ƙasar da suke mulka aka yi ta. To amma a dubi abin da waɗanda aka zalunta ɗin suka yi. Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya, wadda ta zub da jini kafin ta kori Holan, da jirage da ma'aikatan reshen KLM ta kafa kamfaninta Garuda, ta karɓe shi gaba ɗaya a 1954, ta zama mai tarin F28 fiye da kowa. Ta tura yaranta Turai karatu, ɗaya daga cikinsu, B. J. Habibie, ya dawo ya jagoranci ƙera jirgin N-250 wanda ya tashi a Bandung ranar 10 ga Agusta 1995, daga baya ma ya zama shugaban ƙasa. Su da suka sha bulalar sun ɗauki ilimin sun bar wa mai shi zaluncinsa. Wanda Holan ba ta taɓa mulkar kakansa ba ne yake zaune a New Bell yana yi musu fushi.

Zargi na ƙarshe shi ne wanda duk sauran suke yi wa share fage, kuma shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami: wai harkar jirgi ba ta ɗan talaka ba ce, ba ta ɗan mai tsire ko ɗan mai goro ba ce, a bar yara su kama babur su yi bensikin, wato hayar ɗaukar fasinja. Fokker bai gama sakandare ba. Mahaifinsa kanikancin mota ya tura shi koya a Jamus. Jirginsa na farko, wanda ya kira Spin, wato gizo-gizo, saboda yawan wayoyin da suka ɗaure shi, abokin kasuwancinsa ne ya kai shi ya rungumi bishiya, na biyu ma ya farfashe. Da na uku ya kewaye hasumiyar cocin Haarlem ranar 31 ga Agusta 1911, yana ɗan shekara 21. Mutumin da ya zama babban mai tsara masa jirage daga 1916, Reinhold Platz, mai walda ne. Sirrin jiragen Fokker na farko ma ke nan: gangar jiki ta bututun ƙarfe da aka yi wa walda, aka lulluɓe da yadi. A leƙa kowane lungu tsakanin unguwar Hausawa da babbar kasuwa, za a ga yaro tsugune da baƙin gilashi, ya kwantar da babur ɗin da ƙashinsa ya karye, ya daidaita bututu biyu da ido, ya ɗiga musu wuta, ya ƙwanƙwashe ƙwanson da guduma ya duba ɗinkin. Hannun akwai shi. Abin da ya rage shi ne lissafi, da awo, da ladabin rubuta duk abin da aka taɓa a jikin inji a sa hannu, da takardar shaida. Waɗannan kuwa a makaranta ake samunsu.

Makarantun ma ba a bayan duniya suke ba. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya tana nan tun 1964, tana horar da matuƙa da injiniyoyi da masu ba jirage hanya. A Yamai akwai EAMAC ta hukumar ASECNA, wadda Kamaru mamba ce a cikinta, tana koyar da kula da zirga-zirgar sama da hasashen yanayi da gyaran na'urori. A nan Duwala akwai ERSI, makarantar hukumar ta masu kashe gobarar filayen jirage. A Kaduna an harhaɗa ƙananan jiragen koyo 60 masu suna Air Beetle don sojan saman Najeriya. Ita Holan ɗin, ranar 7 ga Oktoba 1919 da ta kafa KLM, mutanenta ba su kai miliyan 7 ba, faɗin ƙasarta bai kai jihar Adamawa ta Kamaru ba, filin jirginta na Schiphol kuma a ƙasan tafkin da aka zuƙe yake, taɓo ne kamar namu. Jirgin da ta fara aiki da shi ranar 17 ga Mayu 1920 ma haya ta ɗauko daga Ingila, har da matuƙinsa.

Ga mai maganar, ƙofa a buɗe take: ya kawo lambar jirgin Fokker ɗin da ya ce ya tashi a Duwala zamanin Jamus, ko ranar da ya ce wani ya faɗo a garin nan, ya kuma faɗi sunansa yadda jama'a za su san wanda suke saurare. Ga iyaye kuwa, duk shekara da sunan da muka kawo ana iya bincikawa, ku sa 'ya'yanku masu waya su duba muku ɗaya bayan ɗaya. Wanda ɗansa yake da hannu a walda ko inji ko lantarki, kada ya cire shi daga makaranta kafin ya gama sakandare, ya matsa masa a kan lissafi da kimiyya da Turancin Ingilishi, don da shi ake rubuta littattafan gyaran jirgi, sa'an nan ya je ofishin ASECNA da ke filin jirgi ya tambayi lokacin jarrabawar shiga.